Yadda Ake Hana RAID na Babban Allo Lalata Bayanai a Kwamfutar da Aka Ƙara wa Gudu

Masu tace bidiyo da masu haɗa sauti a sutudiyo, da matasan da ke haɗa kwamfutar tebur don wasanni, sukan yi abubuwa biyu a inji ɗaya saboda neman sauri. Sukan ƙara wa furosesa da RAM gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, abin da masu gyara ke kira obakulok, sannan su haɗa fayafan ajiya biyu ko fiye su zama ɗaya ta hanyar RAID ɗin da ke cikin babban allon kwamfuta, wato madabod. Duka biyun a BIOS, wato shafin saitin babban allo da ake shiga kafin Windows ta tashi, ake kunna su kuma ba sa cin ko kwabo, shi ya sa suke da farin jini. Ɓarnar da haɗuwarsu ke jawowa kuwa ba ta cika zuwa da hayaniya ba. Kwamfuta za ta yi watanni tana aiki lafiya lau, sai wata rana a buɗe bidiyon bikin da aka ɗauka tuntuni a tarar ya ƙi buɗewa, ko a kunna ta da safe a ga an rubuta Failed a gaban haɗin fayafan, alhali kowane faifai lafiyarsa ƙalau.

Kafin a shiga matakai, dole ne a fahimci abu ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara. RAID na babban allo ba shi da ƙwaƙwalwar kansa. Katin RAID irin na manyan sabobi yana zuwa da tasa furosesar, da nasa RAM mai gyara kuskure, sau da yawa har da batir da ke riƙe abin da bai kai ga faifai ba idan wuta ta ɗauke. Wanda ke cikin babban allo kuwa, ko Intel Rapid Storage Technology ne ko RAIDXpert2 na AMD, ɗan ƙaramin shiri ne a BIOS wanda ke gane haɗin a lokacin kunnawa, daga nan sai direba, wato manhajar da ke sarrafa fayafan a cikin Windows, ya karɓi aikin. Raba bayanai tsakanin fayafai a RAID 0, da rubuta kwafi biyu a RAID 1, da lissafin fariti a RAID 5, wato ƙarin bayanin da ake amfani da shi a dawo da abin da ke kan faifan da ya mutu, duk furosesarka ce ke yin su, kuma ta cikin RAM ɗinka bayanan ke wucewa. Idan furosesar ko RAM ɗin suka fara kuskure saboda an matsa musu, RAID ba shi da hanyar da zai gane. A RAID 1 zai rubuta gurɓataccen bayanin a fayafai biyun da aminci, ya ba ka rahoton cewa komai daidai ne.

Hanyoyin ɓarnar uku ne: agogon tushe, wanda ke tsara gudun sassan injin, da ya wuce ƙa'ida ya ja tashoshin SATA da ake jona fayafai tare da shi, RAM ko furosesa da ke kuskure a ɓoye, da kuma BIOS da ke komawa saitin kamfani bayan obakulok ya gaza. Matakan da ke tafe suna toshe su ne ɗaya bayan ɗaya, kuma tsarin da aka jera su yana da muhimmanci.

Mataki na farko: kwashe bayanai, sannan ka rubuta yadda haɗin yake

Kada ka taɓa ko da saiti ɗaya a BIOS sai ka kwafe duk abin da ba za ka iya asararsa ba zuwa wani faifai na waje, wanda za ka cire ka ajiye a gefe bayan an gama. Idan kana zargin injin ya riga ya fara kuskure, to ka fara mayar da gudun furosesa da na RAM zuwa na kamfani, ba tare da ka taɓa saitin SATA ba, sannan ka yi kwafin, don kada kwafin ma ya gurɓata a hanya.

Bayan haka ka ɗauki takarda da biro. Rubuta nau'in RAID ɗin, da girman yankan da ake raba bayanai da shi, wanda galibi 64 KB ne ko 128 KB a fayafai masu juyawa, da lambar kowane faifai tare da lambar tashar SATA da aka sa shi. Ana ganin waɗannan a manhajar RAID ta cikin Windows, ko a BIOS, ko kuma a tsofaffin allunan Intel ta danna Ctrl da I a lokacin kunnawa. Ɗauki hoton shafin saitin SATA da wayarka, ka kuma manna ɗan lakabi a jikin kowace wayar SATA. Wannan aikin minti goma ne, amma ranar da haɗin ya watse shi ne zai raba tsakanin gyara mai sauƙi da tsammani a cikin duhu, domin mai ceto bayanai daga RAID 0 ba zai iya komai ba sai ya san jerin fayafan da girman yankan.

Mataki na biyu: tabbatar cewa fayafai da wayoyi ba su da laifi

Mutane da yawa sukan ɗora wa obakulok laifin da na waya ne, wasu kuma su sayi sabon faifai alhali RAM ne ke da matsala. Don raba gardama, bar injin a gudun kamfani na kwana biyu ko uku kana aikinka na kullum, sannan ka duba rahoton lafiyar fayafai da CrystalDiskInfo ko smartmontools. Lambobi huɗu ne abin lura. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da faifai ya yar ya maye gurbinsu, 197 gurabun da ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu, 198 kuma waɗanda suka gagara gyara. Idan ɗaya daga cikin ukun nan tana hawa, faifan ne ke mutuwa, kuma babu saitin da zai cece shi. Lamba 199 daban take: tana ƙirga kurakuran da suka faru a kan hanya tsakanin faifai da babban allo. A CrystalDiskInfo ana rubuta lambobin nan huɗu 05, C5, C6 da C7. Rubuta adadin da ke gaban 199 a kowane faifai yau, domin ba ya komawa sifili, hawansa kawai ake dubawa. Idan yana hawa a gudun kamfani, canza wayar SATA ka sa mai maƙalli. Idan ya tsaya cik a gudun kamfani amma ya ci gaba da hawa bayan an mayar da obakulok, ka kama ɓarawon.

Daga nan buɗe Event Viewer, ka shiga rajistar System. Saƙo mai lamba 129 daga direban ajiya, wanda sunansa kan fara da iaStor a injinan Intel, yana nufin faifai ya yi shiru har direba ya gaji da jira ya sake tayar da tashar. Lamba 153 daga disk tana nufin an maimaita wani karatu ko rubutu da ya gaza, lamba 55 daga Ntfs kuma tana nufin tsarin fayiloli ya riga ya samu rauni. Haddace waɗannan, za ka dawo gare su bayan kowane canji.

Akwai kuma halin fayafan kansu. Faifan tebur na gama-gari idan ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa yakan daɗe yana ta ƙoƙari, shi kuma direban RAID idan ya ga shiru ya yi yawa sai ya ɗauka faifan ya mutu ya fitar da shi daga haɗin. Fayafan da aka ƙera don RAID da akwatunan ajiyar bayanai na NAS suna da iyakar jira, galibi daƙiƙa 7, wadda Western Digital ke kira TLER, Seagate kuma ERC. Idan za ka sayi fayafai don RAID 1 ko 5, nemi masu wannan iyaka, kuma cikin hanyoyi biyu da ake jera bayanai a kan faifai, CMR da SMR, ka tabbatar nau'in CMR ne, domin nau'in SMR yakan yi nauyi ƙwarai idan aka daɗe ana rubutu ba tsayawa, wanda shi ne ainihin abin da sake gina haɗi ke buƙata. Mai amfani da tsohon allo da aka sayo na hannu mai cifset P67 ko H67, wato guntun da ke kula da tashoshin allon, ya ƙara da duba abu ɗaya: a watan Janairun 2011 Intel ta sanar da aibi a farkon fitowar wannan cifset, wanda ke sa tashoshin SATA masu gudun 3 Gb/s su riƙa lalacewa a hankali, kuma fitowar B3 ce ta gyara shi. CPU-Z yana nuna fitowar cifset a shafin babban allo.

Mataki na uku: ƙulle agogon tushe a 100 MHz

Gudun furosesa lissafin ninki ne: agogon tushe, wanda BIOS ke kira BCLK, sau lambar ninki. Agogo 100 MHz sau 45 ya ba da 4.5 GHz. Ana iya ƙara gudu ta ɗaga ɗaya daga cikin biyun, amma sakamakonsu ga fayafai ya sha bamban. Lambar ninki furosesa kaɗai take shafa. Agogon tushe kuwa a injina da yawa shi ne ke bugun ganga ga layukan PCIe da ake sa katin hoto da makamantansa, da hanyar da ta haɗa furosesa da cifset, da tashoshin SATA. Ɗaga shi zuwa 104 yana nufin duk waɗannan suna gudu da ƙarin kashi 4 cikin ɗari, su kuwa ba a ƙera su da sararin ɗaukar irin wannan ƙari ba.

Matsalar tsohuwa ce. A zamanin da layin PCI ke gudu a 33 MHz, ana samun wannan adadi ne ta raba agogon gaba na 133 gida huɗu, don haka wanda ya ɗaga agogon zuwa 150 a allon da ba ya ƙulle PCI ya kai layin 37.5 MHz, kuma mai kula da fayafai yana kan wannan layin. A allunan LGA775 masu cifset P35 da P45, inda RAID ke cikin ICH9R da ICH10R, akwai saitin gudun PCIe daban, kuma abin da ya dace shi ne a rubuta 100 da hannu maimakon a bar shi a Auto. Da Sandy Bridge ta fito a 2011, irin su Core i5-2500K da i7-2600K waɗanda har yau ake samu na hannu, an ɗaure komai a agogo ɗaya, ta yadda ƙarin 'yan MHz kaɗan ya isa ya sa fayafai su fara ɓacewa. Daga Skylake ta 2015 Intel ta raba agogon furosesa da na PCIe, abin ya yi sauƙi. A ɓangaren AMD, allunan AM4 da ba su da na'urar agogo ta daban suna jan PCIe da SATA tare da agogon tushe.

Shawarata a nan ba ta da sassauci: muddin akwai RAID a injin, rubuta 100 a BCLK da hannunka, ka yi obakulok da lambar ninki kaɗai. Ribar da ƙarin MHz biyu ko uku ke kawowa ba za ka ji ta a aiki ba, asarar kuwa za ka ji ta. Kashe duk wani saitin ƙara gudu na kai-tsaye da allon ke da shi, da manhajojin kamfanonin alluna da ke yin obakulok da dannawa ɗaya daga cikin Windows, domin wasunsu sukan taɓa agogon tushe ba tare da sun faɗa ba. Bayan ka shiga Windows duba da CPU-Z ko HWiNFO. Idan ka ga 99.8 ko kusa da haka kada ka damu, saitin Spread Spectrum ne ke ɗan karkaɗa agogon don rage katsalandan na lantarki.

Mataki na huɗu: gwada RAM da furosesa kamar bayananka sun dogara a kansu

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne ɓarnar ta fi muni. Da yawa ba su ɗauki kunna XMP, ko EXPO da DOCP a allunan AMD, wato saitin da ke kai RAM gudun da aka tallata, a matsayin obakulok ba, saboda gudun a rubuce yake a jikin kwalin RAM. Amma sandar DDR4 da aka rubuta mata 3600 takan tashi ne a 2133 ko kusa da haka idan ba a kunna komai ba, kuma kai ta 3600 ya dogara ga mai kula da RAM da ke cikin furosesa, da ingancin allon, da yawan sandunan da aka sa. Sanduna huɗu sun fi biyu wahalar daidaituwa, haka ma sandunan da aka sayo daban-daban aka gama.

Fara da RAM shi kaɗai, furosesa tana gudun kamfani. Sa MemTest86 a filasha, kunna injin daga gare ta, ka bar shi ya kammala zagaye huɗu. Amfanin wannan gwaji shi ne Windows ba ta tashi ba, don haka ko injin ya faɗi babu abin da ake rubutawa a RAID. Kuskure ɗaya tak ya isa faɗuwa. Idan an samu, sauke gudun RAM mataki ɗaya ka sake, kada ka ce ai ɗaya ne kawai a cikin awa shida, domin wannan ɗayan idan ya faɗa a kan teburin da NTFS, tsarin fayilolin Windows, ke ajiye sunayen fayiloli da wurarensu, folda guda na iya ɓacewa. Idan ya tsallake, sai ka shiga Windows ka ƙara da TestMem5 ko gwajin RAM na OCCT, waɗanda sukan kama abin da na farko ya bari.

Sai furosesa. Ɗaga lambar ninki mataki ɗaya ɗaya, kana gwadawa da Prime95 ko OCCT. A wannan lokaci za a yi ta samun shuɗin allo da daskarewa, kuma kowace faɗuwa tana barin haɗin RAID a tsakiyar rubutu, abin da ke sa direba ya shiga tantancewa ko sake gini na sa'o'i. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce ka kashe injin, ka zare wayoyin duk fayafan RAID gaba ɗaya, ka yi gwaje-gwajen da wani tsohon SSD mai ɗauke da Windows ta gwaji. Ka lura da kalmar gaba ɗaya: idan ka zare faifai ɗaya ka bar ɗaya ka kunna, haɗin zai ɗauka ɗan uwansa ya mutu.

Bayan kowane gwaji koma Event Viewer ka nemi saƙonnin WHEA-Logger. Lamba 17 galibi kuskure ne a layin PCIe da aka gyara, 19 kuskuren da aka gyara a cikin furosesa ko hanyoyinta, 18 kuma wanda ya gagara gyara. Injin da ke tara 17 ko 19 bai daidaita ba, ko da bai taɓa faɗuwa ba. A Ryzen sau da yawa gudun Infinity Fabric, hanyar da ke haɗa sassan cikin furosesa, da aka kai ƙarshen iyakarsa ne ke jawo 19, kuma sauke shi tare da gudun RAM ke magance shi. Idan ka sami gudun da ya tsallake komai, sauke lambar ninki mataki ɗaya ƙasa da shi ka zauna a nan. Wannan ratar ita ce za ta ɗauke ka ranar da ɗaki ya yi zafi ko wuta ta yi rauni.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ya shafi bayanai kai-tsaye, kuma ban cika ganin ana yinsa ba. Mayar da fayafan RAID a tashoshinsu. Samo babban fayil wanda ya fi RAM ɗinka girma, misali bidiyo mai 50 GB a injin da ke da 32 GB, ka fitar da hatiminsa a PowerShell da umarnin Get-FileHash, wanda ke ba da lambar SHA256, lambar da ke sauyawa da zarar wani abu ya sauya a fayil ɗin. Kunna Prime95, kuma yana cikin aiki ka kwafi fayil ɗin zuwa RAID sau uku ko huɗu. Sake kunna kwamfutar don kada Windows ta karanto maka daga RAM, sannan ka fitar da hatimin kowane kwafi. Dole su zo daidai da na asali harafi da harafi. Idan ɗaya ya saɓa, injin yana gurɓata bayanai a ɓoye, kuma ba a ajiye komai mai daraja a kansa sai an gano dalili.

Mataki na biyar: saitin direba

A manhajar Intel akwai zaɓin yadda haɗin ke amfani da ma'ajiyar wucin gadi. Zaɓin Write back yana tara rubutu a RAM ya gaya wa Windows an gama tun kafin bayanan su isa faifai. Yana ƙara sauri sosai, musamman a RAID 5, amma duk abin da ke RAM lokacin da injin ya daskare ko wuta ta ɗauke ya tafi. A injin da aka yi wa obakulok bar shi a Write through ko Read only. A Device Manager kuma, a shafin Policies na faifan, kada ka sa alama a akwatin da ke kashe zubar da rubutu zuwa faifai. Kashe Link Power Management, saitin da ke sa layin SATA barci don tanadin wuta, domin wasu fayafai ba sa farkawa da wuri. Sannan ka tsara tantance haɗin sau ɗaya a wata, amma ka san iyakarsa: idan kwafi biyu na RAID 1 suka saɓa, direba ba shi da hatimin da zai gaya masa wanne ne na gaskiya, ɗaya kawai zai ɗora a kan ɗayan. Yawan saɓanin da yake samu, duk da haka, alama ce mai amfani cewa wani abu yana kuskure.

Game da RAID 5 a babban allo, ra'ayina shi ne a guje shi. Bayani da faritinsa a fayafai daban-daban suke, kuma idan injin ya faɗi bayan an rubuta ɗaya kafin ɗayan, saɓanin zai kwanta shiru har ranar da faifai ya mutu aka zo sake gini da gurɓataccen lissafi. Ga mai fayafai huɗu, RAID 10, wanda ya haɗa rabawar RAID 0 da kwafi biyun RAID 1, shi ya fi.

Mataki na shida: wuta da zafi

A ƙasashenmu wannan mataki ya fi nauyi fiye da yadda yake a wuraren da aka fi rubuta jagororin obakulok. Ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareto faɗuwa ce ga RAID, daidai da shuɗin allo. Sa UPS mai wayar USB da ke sanar da Windows ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya yi ƙasa, kuma ka gwada shi injin yana tsakiyar aiki mai nauyi, ba yana zaune ba. Akwatin wutar kwamfuta an tsara shi ya riƙe wuta na kimanin kashi 16 zuwa 17 cikin dubu na daƙiƙa bayan yankewa, kuma furosesar da aka ƙara wa gudu da ƙarfin wuta tana shanye wannan ajiya da sauri, don haka inbata mai jinkirin sauyawa kan iya barin injin ya sake kunna kansa. Duba layin 12 V a HWiNFO lokacin aiki: ƙa'idar ATX ta yarda da 11.4 zuwa 12.6. Kada ka jera fayafai huɗu a waya ɗaya da mahaɗai masu araha, domin kowane faifai mai inci 3.5 yakan ja kusan amfiya 2 a lokacin tashi.

Zafi kuma yana canza sakamakon gwaji. Obakulok ɗin da ya tsallake komai a sanyin Janairu ba lallai ne ya jure zafin Afrilu a Kano ko Yamai ba, lokacin da ma'auni ke haura 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe matatun iska da fankoki. Sake gwajin RAM da na hatimi a farkon bazara, ka share ƙura, ka kuma tabbatar akwai fanka da ke hura fayafai kai-tsaye. RAM ma yana kuskure idan ya yi zafi, musamman wanda katin hoto ke feso wa iska mai zafi daga ƙasa.

Mataki na bakwai: abin yi ranar da BIOS ya koma saitin kamfani

Wannan ce hanyar da ta fi watsa haɗi nan take. Idan obakulok ya gaza kunna injin, allon yakan gwada 'yan lokuta sannan ya koma saitin kamfani, kuma a alluna da yawa saitin SATA yana komawa AHCI, wato yanayin da kowane faifai ke zaman kansa ba RAID, tare da sauran. Haka ke faruwa idan an sabunta BIOS, ko an share CMOS, wato ma'ajiyar saitin BIOS, ko ɗan batirin CR2032 na allon ya mutu. Rigakafin mai sauƙi ne. Ajiye saitinka a matsayin furofayil a cikin BIOS da kuma a filasha, ajiye na biyu mai gudun kamfani amma da RAID a kunne, ka canza batirin idan agogon kwamfuta ya fara ɓata lokaci. Sannan ka mayar da wannan ɗabi'a: duk lokacin da allon ya nuna saƙon gazawar obakulok ko ya nemi ka danna F1, wurin farko da za ka nufa shi ne shafin SATA, ka mayar da RAID, ko VMD a sababbin allunan Intel, kafin Windows ta tashi.

Idan Windows tana kan RAID ɗin kuma ta tashi a AHCI, yawanci shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE za ka gani. Kada ka bar ta ta shiga gyaran kai-tsaye, kashe ka gyara saitin. Haɗari ya fi yawa idan Windows tana kan wani faifai daban, domin tana iya tashi lafiya ta ga fayafan haɗin ɗaya ɗaya, ta kuma nemi izinin Initialize ko Format, ko ta fara chkdsk, shirin gyaran faifai na Windows. Amsar duka a'a ce. Rubutun shaidar da Intel ke gane haɗi da shi yana ƙarshen kowane faifai, kuma duk shirin da ya yi ƙoƙarin gyara teburin rabon faifan yana iya rubutu a kansa. Shi ya sa wani lokaci bayan an mayar da RAID sai a ga faifai ɗaya ya zama Non-RAID Disk, haɗin kuma ya zama Failed. Duk da wannan haɗari, ina ganin ajiye Windows a SSD nata daban ya fi, domin kwamfutar za ta tashi ko haɗin ya samu matsala, kuma idan ka zare fayafan RAID faɗuwar gwaji ba za ta taɓa bayananka ba. Wanda ke son ya rabu da dogaro ga saitin BIOS kwata-kwata yana iya barin SATA a AHCI ya yi madubin fayafai, wato kwafi biyu irin na RAID 1, da Storage Spaces a Windows, ko mdadm ko ZFS a Linux, amma ya tuna cewa su ma ta RAM ɗinsa suke wucewa.

Idan ka ga Degraded a RAID 1 ko 10, bayananka suna nan. Mayar da injin gudun kamfani, kwafe sababbin ayyuka zuwa faifan waje, duba lambobin 5, 197 da 199 na faifan da ya fita, sannan ka ba da izinin sake gini. Faifai mai 4 TB a gudun 150 MB a daƙiƙa yana buƙatar sama da awa bakwai, don haka ka fara a lokacin da kake da tabbacin wuta ko isasshen mai a janareto.

Idan kuma Failed ka gani a RAID 0 ko 5, tsaya da duk wani rubutu. Kada ka goge haɗin, kada ka ƙirƙiri sabo a kan fayafan asali, ko da wani ya ce maka ya taɓa yi ya dace. Kunna injin daga filashar Linux, wadda mdadm ɗinta ke iya karanta rubutun shaidar Intel, ka duba kowane faifai da umarnin mdadm --examine, wanda karatu kawai yake yi. Daga nan ka ɗauki cikakken hoton kowane faifai da ddrescue zuwa wasu fayafai masu girma daidai ko fiye, ka zare na asali ka ajiye. Duk wani yunƙurin sake haɗawa, da jerin fayafai da girman yanka da ka rubuta a takarda tun mataki na farko, da neman ɓataccen rabo da TestDisk, a kan kwafin ake yinsa. Fayafan asali kuwa ba a sake jona su sai bayan an buɗe fayilolin da aka ceto, manya musamman, an tabbatar suna aiki daga farko har ƙarshe.